Yarinyar Cikin Jarida

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Baban Auta da ita Autar. Ya gwiwar taki? Ga maganin shafawar da na yi miki alkawari, na ba direban da ke kawo miki yadi. Don Allah ki shafa, kada ki ɗora shi a kan keken ɗinki ya zama ado. Ni lafiyata lau, sai murar da na kwaso a hanyar dawowa, ita ma ta kusa sakina.

Na gode da hidimar da kuka yi mini. Kakarki da kakata ne 'yan'uwa, amma wanda ya ga yadda kika riƙe ni makon nan sai ya rantse ciki ɗaya muka fito. Auta kuwa gadonta ta bar mini ta kwanta a ƙasa. Allah ya yi mata albarka.

Ga labari. Shekara da shekaru ina rubuta shafin kimiyya da fasaha, ba mai karanta shi sai edita da mai duba kurakurai, shi ma don dole ne. To wannan karon na taɓo inda yake yi wa mutane ƙaiƙayi. Na yi sharhi a kan manhajojin hira, waɗannan da ake yi wa magana a waya su amsa kamar mutum. Akwai ƙudirin doka a gaban majalisa da zai hana duk wanda bai kai shekara sha takwas ba amfani da su, ni kuma na goyi baya. Yaya, wayata ba ta huta ba tun ranar. An karanta shi a rediyo, kuma kwamitin da ke sauraron ra'ayin jama'a ya gayyace ni in je in yi bayani. Editan da ba ya amsa gaisuwata har kujera ya ja mini.

Na sako miki jaridar a cikin ledar maganin. Za ki ga na buɗe da labarin wata yarinya, don sharhin da babu mutum a ciki ba ya shiga kunne. Haka aikinmu yake, abin da ka gani shi kake ɗauka, ka cire suna, ka canja gari. Na canja duk abin da ya kamata.

Ki gaya wa Auta na tura mata saƙo har sau uku ba ta amsa ba. Ko ta fara yi mini yanga ne tun ba ta zama nas ba?

Ƙanwarki,
'Yar Jarida

*

'Yar Jarida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi, na gode da magani. Allah ya ƙara sauƙin mura.

Jaridarki ta same mu, amma rediyo ya riga ta. A shagon Baban Auta aka ji, yana cikin gyaran firjin wani, mutane zaune a benci.

Kada ki kira. Wayoyin gidan nan duka suna cikin aljihun teburin Baban Auta, har da tawa. Idan kina da magana ki ba direba.

Auta tana nan. Ta bar wayar, ta yi shiru, gida ya lafa. Babanta ya ce a gaishe ki, ya ce kin buɗe masa ido.

Yayarki

*

Yaya,

Na ji daɗin gwiwa ta yi sauƙi. Murata ta tafi.

Takardarki gajera ce, na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Wurin da kika ce Baban Auta ya ji a shago, na tsorata. Amma da na kai inda kika ce ta bar wayar kuma gida ya lafa, sai na ɗan samu natsuwa. Wataƙila abin ya zo da alheri.

Ba zan ɓoye miki ba, Auta ce yarinyar. Ranar da kika tafi kai wa mutane ɗinkinsu ta ja ni ɗakin ajiya, ta zauna a kan buhun guntayen yadi, ta nuna mini yadda take magana da manhajar. Na tsaya ina kallon 'yar shekara sha bakwai tana zuba wa waya abin da ke ranta, sai na ji tsoro. Kin san inda maganganun nan suke tafiya? Kamfani ne a wata ƙasa yake tattara su, ba wanda ya san me yake yi da su. Na yi hira da masu bincike, sun ce an tsara waɗannan abubuwa ne don kada yaro ya iya ajiye su. Ba sa gajiya, ba sa faɗa, ba sa cewa tashi ki yi wanke-wanke. Wane uba ko uwa ne zai iya gasa da wannan? Har gobe ina kan ra'ayina cewa sai an sa musu linzami.

Kuma ban ambaci sunanta ba. Na rage mata shekara biyu, na mai da ke malamar makaranta, na mai da babanta direba. In'inarta ce kawai na bari, don in na cire ta labarin ya mutu.

Ki ba Baban Auta haƙuri idan ya ji babu daɗi, amma tunda ya ce na buɗe masa ido ina jin ya fahimce ni. Wayarki dai ya ba ki abarki, ke ba yarinya ba ce. Yaushe ne intabiyun makarantar jinyar? Ina so in aiko mata da takalmi.

Ƙanwarki

*

'Yar Jarida,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau a jiki. Na daɗe ban amsa miki ba, da gangan ne. Sau biyu direba yana tambayata ko da saƙo, ina cewa babu, don da na rubuta a lokacin da zagi za ki karanta.

Ke da karatu ne abincinki, ashe ba ki iya karanta takarda ba. Waccan da na aiko miki, Baban Auta yana tsaye a kaina na rubuta ta. Da na ce ta yi shiru, shiru nake nufi. Yarinyar nan ba ta magana. Ba gaisuwa, ba "Umma ga ruwa", ba komai. In an tambaye ta abu sai ta ɗaga kai ko ta girgiza. Wannan shi ne lafawar gidan da ta ba ki natsuwa.

Kin ce kin canja komai. Kin mai da ni malama, na gode da ƙarin girma. Amma yara mata nawa ne a layinmu masu in'ina, masu ɗakin ajiya cike da guntayen yadi, waɗanda antinsu 'yar jarida ta zo ta yi mako tana yawo a unguwa da jakar kwamfuta? Mai rediyo bai kai rabi ba wani a bencin shago ya ce, "Maigida, wannan ba 'yar wajenka ba ce?" Sai kuma aka karanto inda kika ce iyayen yanzu sun bar wa na'ura tarbiyya. Mutumin da yake fita tun safe yana shaƙar hayaƙin walda don ya biya mata makaranta, a gaban kwastomominsa aka karanta masa wannan. Ya dawo gida bai daki kowa ba, bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙa mata, ta ba shi wayar.

Kuma abin da kika gani a ɗakin ajiya, kin gan shi rabi ne. Ba hira take yi don daɗi ba. Tun da aka ce akwai intabiyu ta baki kafin a ɗauki mutum a makarantar jinya take shiga can, ta sa abin ya riƙa yi mata tambayoyi kamar masu ɗauka, ita tana amsawa. Wata da watanni tana wannan. Ni ma ban sani ba sai yanzu, da na ga takardun tambayoyin a ƙarƙashin buhu. Ke kaɗai ta nuna wa, don tana ganin ke ce kika san waɗannan abubuwa, za ki yi alfahari da ita.

Akwai layi ɗaya a rubutunki da na kasa wucewa. Inda yarinyar ta ce, "Shi ba ya ƙarasa mini magana." Kin sa shi don mutane su ji tsoron waya. Ni kuwa da na karanta sai na ajiye almakashi na zauna a ƙasa, don na san wa take nufi. Ni ce. Tun tana ƙarama, da ta tsaya a kan kalma nake cafe ta in ƙarasa mata. A shago, a asibiti, gaban baƙi. Ina ganin taimakonta nake yi, ina rufa mata asiri. Shekara sha bakwai ban taɓa barin 'yata ta kai ƙarshen maganarta ba, sai a jarida na ji. Don haka haushinki da nake ji, rabinsa nawa ne, kuma wannan ne ya fi ƙona ni.

Intabiyu ƙarshen watan gobe ne. Ki riƙe takalminki. Wadda ba ta iya ce wa uwarta ina kwana ba, ban san da wane baki za ta tsaya gaban mutum huɗu ba.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baban Auta idan zai amsa. Ban san yadda zan tambayi lafiyar Auta ba bayan abin da na karanta, amma ina tambaya.

Na yi laifi. Na ɗauko alƙalami ina neman yadda zan faɗe shi da kyau, sai na gane neman kyan ma wani laifin ne. Ta ce mini a ɗakin nan, "Anti, ke kaɗai," kuma ta sha wuya kafin kalmar ta fito. Na ce mata to. Tana magana ina jin yadda jimlarta za ta zauna a farkon shafi. Ban tambaye ta me take yi da manhajar ba, don na riga na san abin da nake so in rubuta tun kafin in shigo gidanku.

Na je gaban kwamitin. Ɗaki ne mai sanyi, kowa da robar ruwa a gabansa. Lauyan kamfanonin ya yi magana, wata mai bincike daga jami'a ta yi, ta ce hana yara gaba ɗaya ba shi ne mafita ba, a tilasta wa kamfanoni su daina ajiye maganganunsu, kuma a ware masu amfani da abin don karatu ko don wata lalura. Ba wanda ya rubuta abin da ta ce. Da aka zo kaina shugaban ya ɗaga jaridar ya karanta labarin Auta da kansa, har da kwaikwayon tausayi a murya, ya ce ga hujja. Suna ce mata "yarinyar cikin jarida". Na buɗe baki in ce labarin ba haka yake ba, sai na tsaya. Ni da ba ni da in'ina. Na karanta abin da na shirya, aka tafa mini, na fito na zauna a matakala har mai shara ya ce in ɗaga ƙafa.

Za a kaɗa ƙuri'a nan ba da jimawa ba. Idan ƙudirin ya wuce yadda yake, ko babanta ya mayar mata da waya abin ba zai buɗe mata ba, ita da duk mai irin lalurarta, kuma da hannuna aka rufe.

Shi ya sa na rubuta sharhi na biyu, ga shi na haɗo miki. A ciki na faɗi gaskiya: yarinyar shirin intabiyun makarantar jinya take yi, ni ce na karkatar da labarin, iyayenta ba su yi sakaci ba. Na nemi a gyara ƙudirin. Edita ya karanta ya ce ya fi na farko, yana so ya fita kafin ƙuri'a. Na ce masa sai na ji daga gare ku.

Ki karanta mata. Idan ta yarda a buga, idan ba ta yarda ba shi ke nan. Amma don Allah ku amsa da wuri.

Ƙanwarki mai laifi

*

'Yar Jarida,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa ta tashi kwana biyu don na yi tsayuwar yankan kayan makaranta, amma ta kwanta. Baban Auta ya amsa gaisuwarki, da ka ya amsa, amma ya amsa.

Bari in fara da mai daɗi, don na ga kin azabtar da kanki ya isa. Auta ta fara magana.

Ga yadda aka yi. Na ɗauko takardun tambayoyin nan na same ta a ɗakin ajiya, na ce tunda an ƙwace mata malaminta, ga ni, sai dai ni ba na buƙatar caji. Ba ta yi dariya ba. Na karanta ta farko, me ya sa kike son aikin jinya. Ta fara amsawa, ta tsaya a kan kalma, kafin in ankara bakina ya ƙarasa mata. Ta tashi ta fita. Washegari haka, rana ta uku ma haka. Na rasa yadda zan yi da wannan baki nawa. Sai rannan na shigo daga kan keke da allura biyu a leɓe, na manta ban cire ba. Na miƙa mata takardar ta karanta tambayar da kanta, ta fara amsawa, ta tsaya, ni kuma ba halin in yi magana sai in haɗiye allura. Na zauna ina kallonta. Ta yi ta kokawa da kalmar nan har ta fito, ta bi ta da wata, har ta kai ƙarshe. Ashe ba abin da nake shirin ƙarasa mata za ta faɗa ba ma. Ni na zata za ta ce don ta taimaki marasa lafiya. Cewa ta yi saboda ita ta iya jiran mutum.

Yanzu kullum da la'asar sai na sa allura a baki mun zauna. Babanta ya leƙo ya gan ni, ya ce da ya san wannan dabarar da tuni ya saya mini kwali guda. A nan Auta ta yi dariya, ta farko tun da abin ya faru.

Sai maganar rubutunki. Na karanta mata duka. Ni kam ya taɓa ni, har na ji na huce. Ita kuwa ta karɓa ta ninke, ta ce in rubuta miki abin da za ta faɗa kamar yadda ta faɗa, kada in gyara. Ga shi:

"Ki ce wa Anti na yafe na farko. Amma kada ta buga wannan. A na farko 'yan layinmu ne suka gane ni. A wannan ta sa makarantar jinya. Masu intabiyu suna karanta jarida. Da na buɗe baki na tsaya za su san ni ce. In sun ɗauke ni, ba zan sani ba ko tausayi ne. In sun ƙi ni, ba zan sani ba ko don wannan ne. Ina so in shiga ba wanda ya san ni. Dokarsu kuma su nemi wata hujjar, ni na gaji da zama hujja."

Ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta gama wannan, kuma ban sa mata ko harafi ba. Ki yi yadda ta ce. Takalmin kuma ki aiko, ta ce baƙi mara tsini.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan tsawaita ba, don direba yana jira a ƙofar ofis.

Yanzu ya kawo mini takardarki. Ya ce motarsa ce ta lalace a hanya, ta kwana biyar a gareji da saƙon a cikinta. Na karanta labarin allura ina dariya ina hawaye, har na kai maganar Auta.

Yaya, an buga. Jiya ya fito.

Na jira, ban ji komai ba. Edita yana leƙo ni safe da yamma, ga ƙuri'a ta matso. Na ce wa kaina da ba ta yarda ba da tuni kun aiko, na ce wannan karon ai don ita nake yi. Ina da lambar Baban Auta. Na fito da ita a waya, na zauna ina kallonta, ban kira ba. Na ce kunyarsa nake ji, amma tsoro nake kada a ce mini a'a. Sai na je na ce wa edita sun yarda.

Tun safe ake kirana ana yaba mini jarumta. Gidan rediyon nan sun ce da yammacin gobe za su karanta, na roƙe su su bari, sun ce ya riga ya shiga shiri. Wai kwamiti ma zai sake duba ƙudirin. Da za a ba ni zaɓi, da na mayar musu da duk wannan a ba ta abu ɗayan da ta roƙa.

Ban ba direba takalmin ba, ni zan kawo da safe. Kada ki faɗa mata, kuma ki roƙi babanta ya kashe rediyon shago. Ba na so ta ji daga bakin kowa sai nawa. Ba yafiya zan zo nema ba, ta riga ta ba ni sau ɗaya kin ga abin da na yi da ita. In ta ce in fita zan fita. In ba a buɗe mini ƙofa ba, zan ajiye takalmin a bakin zaure in koma.

Ƙanwarki